Ya ake saita ganiya ta faɗo daidai ranar babban tseren keke? Bara na ƙone tun kafin lokaci

Ɗan_Feda:

Assalamu alaikum 'yan uwa mahaya, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga harkar nan, don abin da ya same ni bara ba na fatan ya sake samuna.

Shekarata 3 kenan ina shiga tseren keke na kan titi. Ni ba ƙwararre ba ne, ina da aikin ofis ga iyali, abin da nake samu na hawa bai wuce awa 9 zuwa 11 a sati ba. Bara tun Nuwamba na fara tirenin kuma da zafina na fara, intabal (wato taka feda da ƙarfi na 'yan mintuna, a sassauta, a sake) sau uku a sati, ga fitar kulob ta ranar Asabar wadda sunanta ne kawai fita amma tsere ce da ba a raba lamba, kowa burinsa ya yar da ɗan uwansa a tudu ya je sama ya tsaya yana jira yana murmushi. Zuwa Maris wlh ni kaina mamakin kaina nake, ƙananan tsere 4 na shiga, na zo na uku a ɗaya na zo na biyu a wani, har yaran kulob suka sa min suna inji.

Toh shi tseren da na sa a gaba a Agusta yake. Daga ƙarshen Mayu abu ya fara juyawa, ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse, wat ɗin (ma'aunin ƙarfin taka feda) da nake riƙewa minti 20 hankali kwance ya koma minti 8 ma sai na cije, bugun zuciya ya ƙi hawa ko na taka iya ƙarfina sai ya tsaya 160 da 'yan kai alhali da yana kai 180, barci ya lalace, mura sau biyu cikin wata ɗaya. Ni kuma da wautata na ɗauka tirenin ne ya yi kaɗan sai na ƙara lodi. Ranar tseren a tudu na biyu ayari ya tafi ya bar ni, mutanen da nake wucewa a Maris ina hira su ne suka zo suna wuce ni suna tambaya ko lafiya. Na ƙarasa dai amma da kunya.

Bana tsere biyu ne a raina, ɗaya ƙarshen Mayu ɗaya tsakiyar Satumba, tsakaninsu kamar sati 15, sannan akwai ƙanana kusan duk bayan sati biyu. Abin da nake so na sani, ita ganiyar nan kwana nawa take ɗauka a jikin mutum kafin ta sauka? zai yiwu na kama ta sau biyu a kaka ɗaya? kuma satin ƙarshe kafin tsere hutawa ake yi gaba ɗaya ko ya ake yi, don kowa da abin da yake gaya min. Nagode.

Sarkin_Gangara:

Wa alaikumus salam. hhhh Malam ai ba ciwo ba ne, kasuwarka ka ci tun da hantsi, da la'asar ta yi babu haja. Kowane kulob akwai irinku, zakarun Maris muke ce musu, in Agusta ta zo su ne a bakin hanya suna miƙa mana gorar ruwa. Bari Baba ya shigo ya warware maka, ni nawa gangara ne kawai.

Tsohon_Mahayi:

Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka biye wa Sarkin Gangara, shi ma ya yi nasa zakarancin muna gani, amma dai abin da ya faɗa haka yake.

Fara cire wa ranka cewa ganiya wani waje ne da mutum zai hau ya shimfiɗa tabarma ya zauna. Abu biyu ne suke haɗuwa a lokaci guda, ƙarfin da ka tara cikin watanni, da ranar da gajiya ta sauka ta bar ƙarfin nan ya fito fili. To gajiya ba ta sauka sai ka rage aiki, in kuma ragin ya daɗe shi ma ƙarfin ya fara zagwanyewa, shi ya sa ba ta zama. A abin da na gani a jikina da jikin yaran da na horar sati 2 ne zuwa 3, mai sa'a ya ja ta kusan wata in yana tsere ƙarshen sati yana lallaɓa jikinsa a tsakani. Sau biyu a shekara ya ishi mai aikin ofis. Uku na waɗanda keke ke biyansu albashi ne, su ma ba kowa ba.

Lissafin daga baya ake faro shi. Ɗauki kalanda ka sa yatsa a kan ranar tseren Mayu ka riƙa dawowa. Sati 2 na ƙarshe na sauke lodi ne. Sati 8 da ke gabansu su ne na zafi, inda tirenin zai riƙa kama da tseren da za ka yi, in tudu ne a tseren ka nemi tudu mai irin tsawonsa, in na zagaye ne mai kwana-kwana ka koyi tashi da ƙarfi daga kwana sau talatin ba tare da ka mutu ba. Gaban waɗannan kuma sati 12 na fandisho, doguwar tafiya a hankali yadda za ka iya hira da na kusa da kai ba ka haki. Haɗa su, sati 22 kenan, ya kai ka ƙarshen Disamba. Ka ga kai bara a Nuwamba ma har ka fara aikin da ya kamata ka fara a Maris, kuma tserenka yana can Agusta. Wata 9 kana kan wuta, wane jiki ne zai ɗauka?

Kuma ba wai a fandisho an haramta zafi ba ne, sau ɗaya a sati ba laifi, daga baya ya koma biyu. Uku ga fitar Asabar ya zama huɗu, ya yi yawa. Wani masani Stephen Seiler da ke aiki a Norway ya bi diddigin yadda manyan 'yan wasan juriya suke tirenin, masu keke da masu gudu da masu tuƙin kwalekwale, ya tarar kusan kashi 80 na fitarsu a hankali suke yinta, kashi 20 ne kawai mai zafi. Mu 'yan sha'awa mu ne muke juya abin, kullum muna tsaka-tsaki, ba mu yi sanyin da jiki zai huta ba, ba mu yi zafin da zai ƙaru ba.

Sannan cikin satittikan nan duka kar ka jera lodi ba numfashi. Sati 3 kana ƙarawa kaɗan-kaɗan, na huɗu ka sauke kusan rabi. Ni da na haura 50 sati 2 nake yi na huta ɗaya. Tirenin da kansa rauni yake yi wa jiki, yana cinye man da ke cikin tsoka yana farfasa ta, sai ka kwanta ka ci ka yi barci sannan jiki ke gyarawa ya ɗan ɗora a kan yadda yake da. Wannan rarraba shekara gida-gida ba sabon abu ba ne, tun shekarun 1960 wani ɗan Tarayyar Sobiyet Matveyev ya tsara shi, kuma har yau duk da sauye-sauyen da aka yi a kansa ake tafiya.

Ƙananan tseren nan kuma sai ka yi musu aji. Biyun nan na Mayu da Satumba su ne na rai, su kaɗai za ka sauke wa lodi sosai. Ka zaɓi kamar 4 ko 5 na gwaji, su kwana 2 zuwa 3 na sassauci ya ishe su. Sauran ka ɗauke su tirenin da lamba a baya, ka shiga da gajiyarka, ka zo na 20 ka koma gida ba tare da ranka ya ɓaci ba, kuma a cire intabal ɗaya na satin a madadinsa. Nan ne yawancin yara suke faɗuwa, girman kai ba ya barinsu a wuce su a ƙaramin tsere. Ka duba ƙwararren ɗan tseren nan Mathieu van der Poel a 2024, tsere 7 kacal ya shiga a kan titi tsakanin Maris da Afrilu, ya ci 3, ciki har da na Flanders da Paris-Roubaix waɗanda sati ɗaya ne tsakaninsu, daga nan ba a sake ganinsa da lamba ba sai Tour de France ƙarshen Yuni. Ba wai ba a gayyatarsa ba ne fa.

Injiniya_Wat:

Baba ya gama magana, ni ɓangaren lamba kawai zan ɗan ƙara tunda na ga kana da mitar wat. Abin da Baba ya ce na ƙarfi da gajiya akwai lissafinsa, wani masani Banister a Kanada ya fito da shi a 1975, kuma shi ne manhajoji irin TrainingPeaks suka ɗauka suka sauƙaƙa, suna auna ƙarfi da matsakaicin lodin kwana 42, gajiya da na kwana 7, sai a cire gajiya daga ƙarfi abin da ya rage shi ne fom ɗinka. Sirrin yana cikin bambancin 42 da 7 ɗin nan, gajiya tana saurin zuwa tana saurin tafiya, ƙarfi kuwa a hankali yake zuwa a hankali yake tafiya, saboda haka in ka rage lodi na kwana 10 zuwa 14 gajiyar za ta zube sosai shi kuwa ƙarfin ɗan kaɗan zai taɓu. Lokacin tirenin mai nauyi lambar fom tana ƙasa da sifili kuma daidai ne, ranar tsere mutane da yawa suna nemanta tsakanin +5 zuwa +25, amma kowa sai ya gwada ya ga inda ƙafarsa ta fi daɗi, ni nawa in ya wuce +15 sai na ji ni kamar katifa.

Batun satin ƙarshe da ka tambaya, a'a ba kwanciya ake yi ba, wannan kuskuren na taɓa yinsa na huta kwana 6 cur na zo ranar tsere ƙafa ta toshe kamar ba tawa ba. A 2007 Bosquet da abokan aikinsa sun tattara bincike 27 a kan wannan maganar, abin da ya fi ba da sakamako shi ne sati 2, a rage yawan aikin da kashi 41 zuwa 60, amma kar a taɓa zafinsa kuma kar a rage yawan ranakun fita. Wato kai mai awa 10, satin farko ka sauko kamar 6 zuwa 7, satin tsere 4 zuwa 5, in kwana 5 kake fita ka ci gaba da fita kwana 5 sai dai gajeru, in da kana yin minti biyar-biyar sau 5 ka koma sau 3 sannan sau 2 amma a kan wat ɗin da ka saba, ka sauka daga keke kana jin da saura a jikinka, wannan jin na da saura shi ake nema. Ni yadda nake yi, saura kwana 2 na huta gaba ɗaya, ana gobe na fita minti 45 na ɗan buɗe ƙafa da bugu gajeru 3 ko 4 na minti ɗaya-ɗaya shikenan.

Ribar da ake samu a sauke lodi yawanci kusan kashi 3 ce, wani ƙasa da haka wani har 6. Kar ka raina ta, a tseren agogo (wanda kowa ke tafiya shi kaɗai ana auna lokacinsa) na awa ɗaya kashi 3 ya kusa minti 2. Amma kuma ka lura ba ta ƙirƙiro abin da babu, ba a fafe gora ranar tafiya, duk wani dogon tirenin na azaba da za ka cusa saura kwana 5 don tsoro gajiyarsa ce kawai za ta raka ka layin farawa.

Gargaɗi ɗaya, manhajar abin da ka taka a feda kaɗai ta sani. Ba ta san yaro ya hana ka barci ba, ba ta san oga ya tsare ka a ofis har dare ba, za ta nuna maka +10 kai kuma kana jin kamar an daka ka.

Anti_Mai_Keke:

Sannunku. Ƙanena ni ba jadawalin ne ya tsaya min a rai ba, alamomin da ka lissafa ne. Zuciya ta ƙi hawa, barci ya lalace, mura a kai a kai. Zan tambaye ka ka faɗa min gaskiya, lokacin nan kana ƙoƙarin rage nauyi don tudu ko a'a?

Ina tambaya ne don ni na yi. Shekarun baya na sa wa kaina sai na rage kilo 3 kafin wani tsere mai hawa, ina fita awa 3 da ruwa kawai wai ina koya wa jiki ƙona kitse, na dawo na ɗan taɓa abinci kaɗan. Wata biyu na farko abin ya yi kamar yana aiki, na yi sauƙi ina tashi a tudu, daga nan komai ya rushe lokaci ɗaya, sanyi nake ji ko ana zafi, fushi ba dalili, har al'ada ta rikice min. Sai da likita ya zaunar da ni. Abin sananne ne, kwamitin Olamfik na duniya ma ya fitar da matsaya a kansa a 2014, wato ɗan wasa ya riƙa ƙona abin da ya fi wanda yake ci na tsawon lokaci har jiki ya fara kashe wasu ayyukansa don ya yi tattali, kuma sun faɗa ƙarara ba mata kaɗai yake kamawa ba har maza.

Hutu ba a kan gado kaɗai yake ba, rabinsa a cikin kwano yake. Duk fitar da ta wuce minti 90 ka ci a kan keke, giram 60 na sitaci ko sukari a awa, a tsere mai tsawo har 90 in cikinka ya saba, kuma sabon a tirenin ake yinsa ba ranar tsere ba. In ka dawo kar ka bari awanni su wuce, ka ci mai sitaci da mai gina jiki. In ka ci yadda ya kamata man da ke cikin tsoka yana cika cikin kamar awa 24, in ba ka ci ba ka wayi gari da rabin tanki ka ɗora wani intabal a kai, haka ake haƙa ramin a hankali. Saura kwana 2 babban tsere ana kai wa giram 10 zuwa 12 na sitaci a kowane kilo na nauyinka a rana, kuma za ka ga sikeli ya ƙaru da kilo ɗaya ko fiye, kar ka tsorata ruwa ne, kowane giram da tsoka ta ajiye yana riƙe kamar giram 3 na ruwa.

Barci awa 7 shi ne mafi ƙaranci, satin lodi ka nemi 8 ko fiye. Ka riƙa duba bugun zuciyarka da safe kafin ka sauko daga gado, in ya ɗaga da 5 ko fiye a kan yadda ya saba kwana 2 zuwa 3 a jere, ga kasala ga ba ka sha'awar ganin keken, to ranar ba ta intabal ba ce ko me jadawali ya ce. Kuma kafin ka fara bana ka je a duba jininka musamman sinadarin ƙarfe, kar ka sayi ƙwaya ka fara sha da ka.

Ɗan_Feda:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, na karanta sau biyu. Anti kin kama ni wlh, kilo 4 na sauke tsakanin Fabrairu da Mayu kuma har alfahari nake da shi, ban taɓa haɗa shi da abin da ya faru ba sai yanzu da kika faɗa.

Baba saura tsakiyar nan, sati 15 ɗin da ke tsakanin Mayu da Satumba. In Allah ya sa na zo Mayu da ƙarfina, zuciyata ba za ta bar ni na ajiye keke ba, gani nake duk wahalar wata 5 za ta bi ruwa, kuma lokacin ne ma ƙananan tsere suka fi yawa. Ba zai yiwu na ɗan riƙe fom ɗin haka nan na lallaɓa har Satumba ba?

Sarkin_Gangara:

Ni ma tambayar da ke bakina kenan Baba. Zakaran keken nan Pogacar fa? mutumin nan daga Maris har Oktoba ci yake ba ƙaƙƙautawa, a 2024 ya haɗa Giro (babban tseren Italiya) da Tour de France da gasar duniya duk a shekara ɗaya, shi yaushe yake sauke nasa lodin?

Injiniya_Wat:

Tsoron nan naka an auna shi tuntuni Malam. Coyle da abokansa a 1984 sun sa 'yan wasan juriya sun daina tirenin kwata-kwata, iyakar iskar oksijin da jikinsu ke iya sarrafawa ta ragu da kashi 7 cikin kwana 21 na farko, sai wajen kwana 56 ta kai kashi 16. Wannan fa zama ne gaba ɗaya na sati 3, kai kuwa hutun da za ka yi bayan tseren Mayu bai wuce kwana 5 zuwa 7 ba, abin da za ka rasa kaɗan ne kuma mafi yawansa ruwan jini ne da ke raguwa, da ka dawo fita 'yan kwanaki yake komawa, shi ya sa fitar farko bayan hutu za ka ga zuciya tana gudu fiye da kima kar ka firgita. Sannan Hickson a shekarun 1980 ya nuna mutum zai iya rage yawan tirenin da kashi biyu cikin uku ya riƙe abin da ya samu har sati 15 muddin bai rage zafin ba, da aka rage zafin ne abin ya zube. So a lissafi kam riƙewa tana yiwuwa, a nan na ɗan saɓa da Baba kaɗan.

Tsohon_Mahayi:

Injiniya ba mu saɓa ba, abin da aka riƙe a gwajin nan ƙarfi ne na tsaka-tsaki a ɗakin bincike, ba ganiyar mai tsere duk bayan sati biyu ba, kuma yaron nan ba riƙewa yake so ba, so yake ya zo Satumba ya fi yadda yake a Mayu. Wanda ya ce zai lallaɓa fom daga Mayu zuwa Satumba abin da ke faruwa shi ne kullum yana sassautawa don tseren Asabar mai zuwa, ba ya lodin kirki ba ya hutun kirki, fandishon yana cinyewa a ƙasa bai sani ba, zuwa Agusta sai ginin ya zauna. Na ga wannan ya fi sau goma.

Ɗana ga yadda zan raba maka sati 15 ɗin. Washegarin tseren Mayu ka jingine keken kwana 5 zuwa 7, ko goge shi kar ka yi, ka fita manhajar Strava ma don ganin abokai suna tara kilomita shi zai tunzura ka. Sati na biyu fita ta nishaɗi ba mita ba agogo. Sai sati 5 ka koma fandisho, dogayen tafiya, na ƙarshensu mai sauƙi. Sai 6 na zafi da satin sassauci a tsakiya, sai 2 na sauke lodi. Tseren Yuni da farkon Yuli za a wuce ka, ka shirya wa hakan tun yanzu. Ganiya ta biyu sau da yawa ta fi ta farko ma don a kan ginin farko take hawa.

Kai kuma Sarki, ci kake gani ba ka ƙirga ranakun da ba ya nan. A 2024 ɗin da ka kawo, an gama Giro 26 ga Mayu aka fara Tour 29 ga Yuni, tsakani ko tsere ɗaya bai shiga ba, ya huta sannan ya hau dutsen Isola 2000 a Faransa ya yi zaman tirenin. Da aka gama Tour 21 ga Yuli ya ce ya gaji, ya bar gasar Olamfik ta Paris ta wuce, bai je Vuelta, babban tseren Sifen, ba, ba a sake ganinsa ba sai tsakiyar Satumba a Kanada, kusan sati 8, sannan ya je Zurich ya ɗauki rigar zakaran duniya. Kuma ka tambayi kanka me ya sa tun Pantani a 1998 ba wanda ya haɗa Giro da Tour sai shi, shekara 26. Contador ya ci Giro a 2015 ya je Tour ya ƙare na biyar. Froome ya ci Giro a 2018, shekarar ma an ɗaga Tour da sati ɗaya saboda gasar ƙwallon duniya ya samu sati 6 a tsakani, duk da haka na uku ya zo. Haɗa Giro da Tour da gasar duniya a shekara ɗaya kuwa a maza kafin Pogacar mutum biyu ne kawai, Merckx a 1974 da Roche a 1987. Taura biyu ba ta taunuwa sai ga wanda Allah ya ba wa irin haƙoransa. Su kuma waɗannan in sun sauka daga keke akwai mai tausa, mai girki, likita, su je duwatsun Teide ko Sierra Nevada sama da mita 2,000 su yi sati 3 ba abin da suke yi sai feda da barci. Kai in ka sauka wanka za ka yi ka tafi ofis.

Akwai kuma gajiyar da ba ta ƙafa ba. Tom Dumoulin wanda ya ci Giro a 2017, a Janairun 2021 ya tattara kayansa ya bar sansanin tirenin ya ce yana bukatar ya huta da keke, bayan 'yan watanni ya dawo ya ɗauki azurfa a tseren agogo na Olamfik a Tokyo. Satin nan da nake ce maka ka jingine keke rabinsa don kanka ne, ka dawo kana marmarinsa.

Ɗan_Feda:

Na gamsu Baba, na ma buɗe kalanda na fara ƙirgowa. Abu ɗaya ya rage, fitar kulob ta Asabar ɗin nan ya zan yi da ita lokacin fandisho? in na daina zuwa za a ce na gudu, in na je kuma na san kaina da an taka zan bi.

Tsohon_Mahayi:

Ka je sau biyu a wata ka ƙirga ta a matsayin zafin satin. Sauran Asabar ɗin ka fita da su, in an zo tudun farko aka fara hauka ka sa ƙaramar giya ka bar su su tafi.

Sarkin_Gangara:

Ka dawo baya wajena Malam, ni dama can a nan nake, ma hau a hankali muna hira, in an zo gangara ne dai ba ruwana da kai.